Gonar Malam Rabe a Jikin Farin Zani

Tun ranar da hawan jini ya kayar da Malam Rabe a bakin rijiya, ƙarshen rani, bai sake yarda an fitar da shi ko tsakar gida ba. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, hannu da ƙafa, baki ya ɗan karkace, in ya sha ruwa sai rabi ya bi gefen gemu. Mutumin da duk Tsiga aka sani da cicciɓar buhun masara shi kaɗai ya aza a amalanke, yau sai an tallafe shi yake zama. Da aka sallamo shi daga asibiti a Funtuwa, cewa ya yi a kai shi turakarsa ta can ƙuryar gida a saki labule, masu dubiya kuma su tsaya a zaure su bar saƙo.

"Ba wanda zai zo ya tsaya a kaina yana girgiza kai yana Allah Sarki," in ji shi ga matarsa Ladidi. Maganar tana fita da nauyi kamar da tuwo a bakinsa, amma ta ji kowace kalma.

Taga ɗaya ce a ɗakin, 'yar ƙarama, can sama kusa da rufi. Bayan bangon nan gonarsa ce ta gado, ta fara daga gindin katanga ta gangara har rafi. Daga kan gado ba abin da yake hange sai gutsuren sama. Da damina ta faɗi, yana jin ruwa a kan kwano, yana jin ƙanshin ƙasa, sai ya juya fuska bango ya yi ta cizon leɓe.

Ƙanensa Manu ne ya karɓi noman. Kullum bayan la'asar sai ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa ya kawo labari. An yi huɗa. An shuka. An yi noman farko, an sa taki. Masara ta yi shar, har ta fi ta bara.

"Ƙarar manyan motocin nan da nake ji fa?" Rabe ya tambaye shi wata rana.

"Gyaran hanya ake yi, Yaya. Can nesa ne, iska ce ke kawo maka."

Da lokacin ɗanya ya yi, Rabe ya ce a karyo masa masara daga gonarsa a gasa. Aka kawo masa ja. Shi kuwa tun yana saurayi fara yake shukawa, irin da yake warewa da hannunsa ya rataye a rumbu. Manu ya ce ai iri ya canja bana, jar ta fi kasuwa. Rabe ya yi wurgi da masarar ta daki ƙofa.

"A gonata? Ka canja iri ba ka tambaye ni ba?"

"Kada ka ta da hankalinka, Yaya. Likita ya hana."

Wannan magana ta likita ita ce ke ƙara hassala shi. Duk abin da ya tambaya a gidan, da ita ake toshe masa baki.

Cikin haka aka ba da hutun makaranta, babbar 'yarsa Amatullahi ta zo. Malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata a Malumfashi, can take aure. Rabe bai haifi namiji ba, mata huɗu gare shi, kuma a cikinsu ita ce ta ɗauko zuciyarsa da taurin kansa. Ta iso da yamma ta tarar da shi ya ƙi cin tuwo, ya ture kwanon har miya ta ɓata tabarma.

"Baba, me aka yi maka?"

"Me ba a yi mini ba? Damina ta raba, ko kan kunya ɗaya ban gani ba a gonata."

"To bari gobe a ɗauke ka a kai ka."

"A ɗauke ni kamar gawa, gari na kallo? Ba da ni ba."

"To in je in ɗauko maka hoto a waya."

Kafin ya amsa Ladidi ta yi caraf daga bakin ƙofa ta ce hanyar duk taɓo ce, ga macizai a ciyawa, kada ta soma. Rabe ma ya yi tsaki ya ce me zai gani a abin da bai fi tafin hannu ba, da idanun nan nasa. Amatullahi ta juya wajen bango. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon 'yar tagar.

Washegari da hantsi Ladidi ta tafi suna a maƙwabta. An yi ruwa da asuba, gari ya washe, rana ta fito tas. Amatullahi ta shigo da kwalin sabulu, da almakashi, da igiya, da farin zanin da Ladidi ke ajiyewa a ƙasan akwati. Ta binciko wani tsohon tabarau na kakanta da ƙafarsa ɗaya ta karye, ta ɓalle gilashi guda.

"Wane shirme kike haɗawa?"

"Abin da nake nuna wa ɗalibaina ne, Baba. Gonarka zan shigo maka da ita ɗaki."

Ta mirgino turmi ta kife a gindin bango, ta hau don ta gwada faɗin tagar. Da fuskarta ta kai daidai tagar sai ta tsaya cak. Rabe yana kallon bayanta. Ta daɗe a haka, hannunta riƙe da kwalin, ba ta motsa ba.

"Me kika gani?"

Ta sauko ta zauna a kan turmin, ta dubi mahaifinta, ta dubi ƙullin magungunan da ke gefen gado.

"Na ce me kika gani?"

"Baba, gonarka ce. Kai ya kamata ka gani da idonka."

Ta sake hawa. Ta toshe tagar da kwalin, ta huda rami a tsakiya ta dasa gilashin, ta bi gefe-gefe ta cusa tsummoki. Ta rataya bargo a ƙofa, ta danne ƙasansa da tabarya. Ɗakin ya yi duhu ɗulum, sai wani ɗan haske da ke ratsowa ta gilashin. Ta ɗaura igiya daga wannan ƙusa zuwa waccan, ta shanya farin zanin a gaban hasken.

Da fari dusu-dusu ne kawai, kamar an zuba koko a ruwa. Ta riƙa jan igiyar, ta matso da zanin kusa da tagar, ta ja shi baya, ta sake matsowa. Can sai abin ya tsaya ya fito sarai.

Rabe ya yunƙura da gwiwar hannunsa mai lafiya. Ga sama shuɗiya a ƙasan zanin, gajimare na tafiya a hankali ta wajen ƙafafunta. Ga ɗorawar tsakiyar gona a rataye, gindi a sama, rassa na lilo a ƙasa. Wani shaho ya gitta da cikinsa a sama. Duk launi ya fito, komai na motsi.

"Ikon Allah," in ji shi. Rabin bakinsa ya buɗe da dariyar da ya daɗe bai yi ba. "Ke, wannan ba tsafi ba ne?"

"Haske ne kawai, Baba. A miƙe yake tafiya. In ya bi ta ƙaramin rami, na sama sai ya sauka ƙasa, na ƙasa ya hau sama. Shi ya sa ka ga komai a kife."

Ya karkata kai yana ƙoƙarin daidaita abin a zuciyarsa. In ɗorawa tana nan, to can saman zanin shi ne gindin katanga. Ya ga masara kuwa, 'yan layuka kaɗan, ta yi rawaya don yunwar taki, wadda ko ƙugu ba ta kai ba. Ya bi da ido zuwa wajen ɗorawar, inda ya kamata kore ya rufe ko'ina har rafi.

Babu kore. Ja ne jawur, wawakeken rami tun daga gindin ɗorawa har gangaren rafi, an kwashe baƙar ƙasar an kai ga marmara. Saiwoyin bishiyar a waje. A bakin ramin ga tifa a rataye, tayoyi a sama, mutane ƙanana kamar tururuwa suna watsa mata ƙasa da shebur. A inuwar ɗorawa kuma ga wani mai shuɗiyar riga zaune a kan babur yana kaɗa ƙafa. Ko a kife, Rabe ya san zaman ɗan'uwansa.

Dariyar ta bushe a fuskarsa. Ya buɗe baki, kalmomin suka cushe, sai wani gurnani ya fito. Ya ɗaga hannun dama ya naushi bango har fatar yatsunsa ta saɓule.

"Baba, don Allah..."

"Kira min uwarki!"

Amatullahi ta ruga gidan sunan ta kira ta. Ladidi ta shigo da sauri, mayafi a hannu. Da ta ɗaga bargon haske ya cika ɗakin, hoton ya ɓace.

"Saki bargon nan!" ya daka mata tsawa.

Ta saki. Kafin idanunta su saba da duhun, tifar ta riga ta dawo jikin zaninta. Ta dafe ƙirji ta zame ta zauna a ƙasa.

"Kin sani?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ladidi, da ke nake. Kin sani?"

"Na sani, Malam."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina. Manu ya ce ɗan gefen rafi kawai za a ɗiba, a sayi magani. Da na ga abin ya yi yawa na yi masa magana, ya ce in ka ji zuciyarka za ta buga, alhakinka a wuyana. Ni me zan yi? Ina tsoron in rasa ka."

"Kina kawo mini tuwo safe da yamma, kina goge mini baki, kina kallon idona, ana cinye gonar ubana a bayan bangon da na jingina kaina!"

Ladidi ta fashe da kuka, sai kuma ta juya kan 'yarta. "Ke kuma so kike ki kashe shi? Daga zuwanki jiya-jiya? In ya faɗi yanzu sai ki ce me?"

"Inna, da ransa da hankalinsa," Amatullahi ta ce. "Ba mutuwa ya yi ba da za a riƙa yanke hukunci a bayansa."

Rabe ya ce a kira Manu. Ba a jima ba aka ji tsayawar babur a ƙofar gida. Manu ya shigo da sallamarsa mai taushi, ya yi tuntuɓe da tabarya, ya tsaya yana ƙifta ido. Da ya gane abin da ke jikin zanin sai ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Wannan wane irin wasan 'yan boko ne? Yaya, kada ka yarda da wannan. Ba ka ga komai a juye yake ba?"

"A juye yake, amma tifa ce. Ko ita ce ke gyaran hanyar?"

Manu ya nufi wajen tagar. Ya taka turmin ya fizge kwalin daga tagar ya yar, gilashin ya faɗo ya gangara ƙarƙashin gado. Haske ya shigo. Yanzu suna ganin juna sosai, kuma ladabin nan na bayan la'asar babu shi a fuskar Manu.

"To, na sayar da ƙasa. Sai me? Maganin da kake sha kullum, daga sama kake zato yake faɗowa? Kai kana kwance, ni ke yawon Funtuwa."

"Ga shanun huɗata a turke. Ga awaki. Ga dawa a rumbu. Da ka tambaye ni da na ce maka ga abin da za a sayar."

"Baba Manu," in ji Amatullahi, "sabon babur ɗin da ke ƙofar gida shi ma magani ne?"

"Ke, rufe mini baki! Ina magana da ubanki kina tsoma baki? Abin da aka koya miki ke nan?" Ya juyo ga wansa. "Yaya, mu daina ɓoye-ɓoye. Kai da fartanya kun yi sallama. Wa zai noma gonar nan bayanka? Ita? Ko ƙannenta da ke gidajen mazajensu? Gona dai a hannuna za ta ƙare, yau ko gobe. Na ɗibi kaɗan daga abin da zai zo mini, shi ne za a tara mini jama'a?"

Ladidi ta daina kuka ta zuba wa Manu ido kamar yau ta fara ganinsa.

Rabe ya damƙi gefen gado da hannun dama. Shi ya goyi yaron nan zuwa gona lokacin da uwarsu ta rasu. Shi ya yi masa aure. Ya so ya tashi ya shaƙe shi, ya umarci ƙafarsa ta motsa, ta ƙi. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

"Ashe rabon gadona ka fara ina numfashi," ya ce a hankali. "Fita."

Manu ya kaɗe rigarsa ya fita.

"Amatu, je ki ce wa Mati ya ɗauro shanu ya kawo amalanke ƙofar gida. Yanzu."

"Malam, rana ta take," in ji Ladidi. "Mutane duk suna waje."

"Su kalla."

Mati maƙwabcinsu ne, tare suka taso. Shi da wani mai shago suka shigo suka ɗauki Rabe, ɗaya a kafaɗu ɗaya a ƙafafu, suka shimfiɗa shi a amalanke suka jingina shi da buhun ƙaiƙayi. Hular da aka sa masa ta karkace, mataccen hannun yana reto. Babu ƙofa ta baya, dole sai an bi ta gaban masallaci an zagaya. Masu zaman dakali suka miƙe. Mata suka leƙo ta zaure. Wani ya ce, "Allah Sarki, Malam Rabe ne?" Rabe bai ko dube shi ba. Yawu na bin gemunsa, bai goge ba. Idonsa na kan hanya.

Tifar ta yi wa gonar hanya ta gefen gabas, ta tattake kunyoyi ta mai da su dandali. Sun iso daidai an gama lodi, direban ya tayar da mota.

"Tsaya nan," Rabe ya ce wa Mati. "Ku sauke ni a tsakiyar hanyar."

"A ƙasa, Rabe?"

"Ƙasata ce."

Suka zaunar da shi a cikin sawun taya, Amatullahi ta durƙusa a bayansa ta tare shi da kafaɗarta. Tifar ta taho tana gurnani har ta matso, ta yi oda, ta sake yi. Da direban ya ga ba za a kauce ba sai ya diro. Wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai suna Mannir, daga Bakori yake zuwa.

"Baba, lafiya? Ku janye shi mana, ana jirana a wurin gini."

"Gonar wa kake ciki?"

"Ni ban san wannan ba. Da Manu muka yi ciniki, ya ce tasa ce."

"Tawa ce. Ni ne Rabe. Juye ƙasar nan inda ka ɗebo ta."

"Haba Baba, an riga an yi lodi. Yaran nan tun safe suke aiki."

"To bi ta kaina."

Mannir ya yi ta faɗa, ya kira waya, ya zagaya motarsa ya dawo. 'Yan lodi suka jingina da shebur suna kallo. Mutanen da suka biyo amalanken suka yi ta ƙaruwa, da yawansu sun san abin da ake yi a gonar tun tuni, kowa yana cewa ba ruwansa da sha'anin 'yan'uwa. Yanzu da suka ga mai gonar zaune a taɓo, sai ga su suna salati suna tir. Rabe yana jin su, kuma haushinsu bai gaza na Manu ba a ransa.

"Kai Isah," ya ce wa wani dattijo da ya fi kowa ɗaga murya, "gonarka ce ke iyaka da tawa. Kullum kana nan. Sau nawa ka zo zaurena ka ce a gaishe ni? Ba ka iya cewa a gaya mini ba?"

Dattijon ya sunkuyar da kai ya koma bayan mutane.

Aka je aka zo da Mai Unguwa, aka nemo Manu a shagon mai shayi. Mai Unguwa ya tsaya a bakin ramin ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambayi Manu ko da izinin wansa ya yi. Manu ya fara zancen magani da asibiti. Mai Unguwa ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Manu ya kau da kai.

"To daga yau ko cokali ɗaya kada a sake ɗiba," in ji Mai Unguwa. "Kai direba, abin da ke tsakaninka da Manu ku je ku ƙarata can. Wannan lodin kuwa a mayar."

Mannir ya hau mota yana zage-zage, ya ja da baya har bakin ramin, ya ɗaga bodi. Jar ƙasa ta zubo da rugugi. Wasu suka yi kabbara. Rabe bai yi ba. Ya sa hannu ya damƙi ƙasar da ke gefensa ya murza. Tsakuwa ce da marmara. Baƙar ƙasar da ubansa ya yi shekaru yana kai wa taki a kan jaki, wadda shi ma ya ƙare ƙuruciyarsa yana ciyar da ita, tana can an cike harsashin gidajen mutane da ita. Ya san ko gero ba zai yi a nan ba sai bayan shekaru.

Manu ya zo wucewa ta gabansa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ka tozarta ni a gaban gari, Yaya."

"Kai ka haƙa ramin. Ni zama kawai na yi."

A daren nan jininsa ya hau, da safe aka sake kai shi Funtuwa. Ya yi 'yan kwanaki aka sallamo shi, jikin bai ƙaru ba bai ragu ba. Ya sa Mati ya kai sa ɗaya kasuwa, ya ce daga yau kada a sake karɓar ko ƙwayar magani daga hannun Manu. Ya sa Amatullahi ta laluɓo gilashin a ƙarƙashin gado ta mayar da kwalin. Matan unguwa suka riƙa zuwa da sunan dubiya don su ga bishiya a kife, ya bar su suna shiga, bai kula su ba.

Ladidi kuwa ya daina yi mata magana. In ta kawo abinci sai ya kau da kai, sai Amatullahi ta karɓa ta miƙa masa. Haka aka yi ta yi har hutu ya ƙare. Ranar da za ta koma Malumfashi, ta shigo da jakarta ta zauna a bakin gado.

"Baba, zan faɗi wata magana, ko za ka yi fushi."

"Faɗi."

"Inna ta yi laifi. Amma kai ka rufe kanka a ɗaki ka saki labule, ka ce kada kowa ya shigo. Da kana fita ko zaure ne, da Baba Manu bai samu wannan damar ba."

"Tashi ki tafi, kada mota ta bar ki."

"Na tafi. Amma daga yau ba mai miƙa maka kwano sai ita."

Ya yi tsaki ya juya mata baya. Yana jin ta tana sallama da uwarta a tsakar gida, yana ta huci shi kaɗai. Ranar bai ci abincin rana ba. Da yamma yunwa ta ci ƙarfinsa, ya karɓi kwanon daga hannun Ladidi ba tare da ya dube ta ba.

Ruwan ƙarshen damina ya cika ramin ya zama kududdufi, har akuyar wani ta faɗa ta mutu. Rabe ya sa aka sake kai shi a amalanke, ya zauna yana nuna wa Mati da sanda inda za a kafa shingen ƙaya saboda yara. Ya aika gida-gida cewa duk mai shara ko toka ko kashin dabbobi, ga inda zai zubar. Ya zama kusan kullum da hantsi yana can a gindin ɗorawa yana yi wa masu zubarwa faɗa in sun haɗo da leda.

Bayan an gama girbi Manu ya zo da dattawa biyu da limamin unguwa. Suka zauna a zaure, aka fito da Rabe aka jingina shi da bango. Liman ya yi doguwar nasiha a kan zumunci, Manu ya durƙusa ya ce sharrin Shaiɗan ne, a yafe masa.

Rabe ya saurara har suka gama.

"Malam, na ji," ya ce wa liman. "Ban hana shi shiga gidan nan ba, in ya yi sallama zan amsa. Amma yafiya, a'a. Ya san hanyar da ƙasar ta bi ta fita. Ya nemo baƙar ƙasa ya fara mayarwa, ko a buhu ne, ko a bayan babur ɗin nan nasa. Ran da na ga ya fara, sai ku dawo mu yi magana."

"Yaya, ramin nan ko shekara goma na yi ba zan cike shi ba."

"Ban ce ka cike ba. Na ce ka fara."

Manu ya dubi dattawan, ba wanda ya dube shi. Ya miƙe ya sa takalminsa ya fita. Liman ya shafa addu'a, su ma suka tashi.

Ladidi ta fito daga bayan ƙofar da ta laɓe tana saurare, ta tattara kofunan ruwan da aka ba baƙi. Har ta juya za ta shiga sai ya yi gyaran murya.

"Ladidi."

Ta tsaya. Rabon da ya kira sunanta tun ranar da aka zaunar da shi a gaban tifa.

"Tokar murhun nan taki, ina kike kai ta?"

"Bayan gida nake zubarwa, Malam."

"Daina. Ki riƙa tarawa a buhu, Mati zai zo ya ɗauka."